Yadda zaka yi amfani da littafin hotuna ka cire wa yaro kyamar mutane tun yana karami

Akwai ranar da har yanzu in na tuna sai naji kunya ta kama ni. Muna tsaye a layi ni da 'yata, lokacin shekararta hudu, sai ga wani bawan Allah zabiya yazo ya tsaya a gabanmu, yarinyar nan ta kalle shi ta kalle ni, sannan ta bude murya iya karfinta tace "Umma me ya samu fatarsa?" Wallahi ji nayi kamar kasa ta tsage in shige. Abin da nayi kuwa shine abin da kusan kowa zai yi, na matse mata hannu nace ke yi min shiru, babu kyau. Tayi shirun kam. Sai da dare ina kwance abin ya dawo min, naga ai ba ladabi na koya mata ba, na nuna mata ne cewa akwai wani abu a jikin mutumin nan mai muni har ba a iya fadinsa da baki. Tambayarta tana nan a cikinta ba amsa, kuma yaro in baka bashi amsa ba shi zai kirkiro tasa, ko ya dauko ta bakin wani.

Daga nan na koma ga littattafan hotuna, kuma dalilin mai sauki ne. Mutumin da ke cikin hoto baya jin haushi, baya jin an tozarta shi, yaro zai iya dora yatsa a kan fuskarsa ya tambayi duk abin da yaga dama, kai kuma kana da lokacin da zaka yi numfashi ka nemo amsa mai kyau, ba kamar a titi ba da idon mutane ke kanka.

Amma kafin littafi, a fara cire wata magana daga kai, wato wai yara basa ganin bambanci. Suna gani sarai. Masu binciken halayyar jarirai sun gwada, jaririn da aka haifa yau baya fifita wata kalar fuska a kan wata, amma yana kaiwa wata 3 sai ya fara dadewa yana kallon fuskar da ta yi kama da wadanda ya saba gani. Ba kiyayya bace wannan, sabo ne kawai, don jariran da suka tashi suna ganin fuskoki iri-iri basu nuna wannan fifikon ba. Matsalar tana zuwa ne daga baya, lokacin da yaro ya fara lura da wa ake yabo wa ake tabe wa baki. A shekarun 1940 a Amurka wasu masana miji da mata, Kenneth Clark da Mamie Clark, sun rika ajiye 'yan tsana farare da bakake a gaban yara bakar fata 'yan shekara 3 zuwa 7, suna tambayarsu wacce ce mai kyau, wacce kake son wasa da ita, kuma yawancin yaran farar suka dauka. Ka ji fa, yaro yana kallon 'yar tsanar da tayi kama da shi yana ture ta gefe. Har kotun koli ta Amurka ta ambaci aikinsu a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu saboda launin fata. Bincike da yawa kuma sun nuna wajen shekara 5 zuwa 7 ne son "namu" da gudun "nasu" yake fin karfi a yara. Toh kaga icce tun yana danye ake tankwara shi, jira har sai ya shiga sakandare an makara.

Zaben littafi

Wata farfesa a jami'ar jihar Ohio, Rudine Sims Bishop, ta kawo wani misali a 1990 da har yau ban ga wanda ya fi shi ba. Tace littafin yara wani madubi ne wani kuma taga. Madubi shine wanda yaro zai bude yaga mai kama da shi, kalar fatarsa, irin gashinsa, irin gidansu. Taga shine wanda zai leka yaga rayuwar wasu. Yaron da bai taba samun madubi ba zai dauka shi ba a bakin komai yake ba, wanda kuma madubi kadai ake bashi zai tashi yana ganin duniyar kaf irinsa ce, sauran mutane bare ne. Don haka ka zazzage littattafan da ke gidanka ko ajinka a kasa ka raba su gida biyu, zaka sha mamaki yadda gefe daya zai rinjaya. Ba sabon ciwo bane ma, a 1965 wata marubuciya Nancy Larrick ta duba littattafan yara 5,206 da aka buga a Amurka daga 1962 zuwa 1964, guda 349 kacal ta samu akwai bakar fata a ciki ko da mutum daya.

In ka dauki littafi zaka saya ko zaka aro, kar ka tsaya a bango. Bude ciki ka kalli zanen da kyau, don yaro mai shekara uku ko hudu hoto yake karantawa ba rubutu ba. Waye mugu a labarin, ya aka zana shi? In kullum mugun shine mai duhun fata ko mai tabo a fuska ko mai kusumbi ko mai ido daya, ajiye littafin nan, ko da kuwa rubutun cike yake da wa'azin zaman lafiya. Duba ko an zana mutanen wata al'umma duk fuska daya kamar an buga su da hatimi, ko an kambama musu lebe ko hanci ko ido don a bada dariya. Sannan ka tambayi kanka waye yake magana a labarin, waye yake warware matsala, waye kuma yake zaune kawai yana jira a cece shi.

Wannan na karshen nan ne mutane masu kyakkyawar niyya suke zamewa. Akwai irin littafin da ni nake kira littafin "Allah sarki", za a kawo yaro gurgu ko makaho ko dan gudun hijira, daga shafin farko har na karshe aikinsa kawai ya bada tausayi, sai wani yaro lafiyayye yazo ya taimake shi a tafa masa. Yaronka zai gama littafin yana jin tausayi, eh, amma tausayi daga sama yake kallon mutum. Ni abin da na fi nema shine labarin da yarinya mai keken guragu take fada da kanenta a kan abin wasa, ko ta batar da kyanwarta tana nema, ita ce mai wayon ita ce mai rigimar, keken yana nan a hoto amma ba shine labarin ba. In zaka tara littafi biyar, hudu su zama irin wannan, daya ne kawai zai zama wanda yake magana kai tsaye a kan wariya.

Littattafan dabbobi kuma, irin su agwagwa da aka tsana saboda kalarta daban, suna da dadi ba laifi, sai dai kar ka dogara dasu kadai. Karamin yaro ba lallai ya hada agwagwa da dan ajinsu mai in'ina ba, sai in kai ka hada masa.

Yadda ake karatun

Ka fara karanta shi kai kadai tukuna, minti biyar ne. Kar tambaya ta same ka ba shiri a tsakiyar shafi.

In kun zauna, a bar yaro ya rike littafin ko ya rika juya shafi, kuma kar ayi sauri. Akwai salon karatu da wani masani Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a 1988, wanda babba yake rage surutu ya koma mai tambaya, yaro ya zama shine mai bada labari. Asali don bunkasa harshen yara aka yi shi, amma a wannan fagen ma yana aiki sosai. Ka nuna hoto kace me kake gani a nan? Kalli fuskarta, ya kake ganin take ji? Me ya sa ta tsaya can ita kadai? Da kai ne a wajen me zaka yi? Ka yi tambayar sannan ka kama bakinka, ka kirga har biyar a zuci, don mu manya bamu iya jira ba, kafin yaro ya hada kalmominsa mun riga mun amsa wa kanmu.

Ka fara da abin da ya hada su kafin abin da ya raba su. "Kaga shima baya son a yi masa wanka, kamar wani da na sani." Yaro zai yi dariya, kuma daga wannan dariyar yaron cikin littafi ya zama mutum a wajensa. Bayan nan in ya nuna bambancin, ka fade shi da sunansa ba tare da rage murya ba. Eh fatarsa tafi taka haske. Eh da hannu take magana don kunnenta baya ji. Muryar da kake fadin "rigarsa ja ce" da ita zaka fadi wannan ma, don yara muryarka suke saurare fiye da kalmominka, in ka koma rada sun gane akwai abin kunya.

Kuma don Allah kar a rufe littafi ace "toh wane darasi muka koya?" Ba jarabawa ake ba. Da yaro ya gane duk karatun dare tarko ne na wa'azi zai fara hamma tun daga bango.

Kudin goro

In duk abin da na rubuta zaka manta, rike wannan. A 2012 wasu masu bincike a Amurka, Marjorie Rhodes da Sarah-Jane Leslie da Christina Tworek, suka kirkiro wasu mutane da babu su a duniya, suka sa musu suna Zarpie, suka yi littafin hotuna a kansu. Da gangan suka zana su iri-iri, maza da mata, yara da tsofaffi, fata kala-kala, yadda ba zaka ce ga kamanninsu ba. Sai aka karanta wa yara 'yan shekara 4. Wasu yaran an karanta musu da salon jam'i, irin "Zarpie suna yin kaza", wasu kuma da salon mutum daya, "wannan Zarpie din yana yin kaza". Hotuna iri daya, bambancin kalma daya ko biyu ne kawai. Yaran da suka ji salon jam'i sun fi daukar cewa Zarpie wani jinsi ne daban, halinsu a jininsu yake, haka aka haife su kuma dukkansu haka suke. Sannan aka juya kan iyaye, aka ba su littafin ba rubutu aka ce su ba 'ya'yansu labari, iyayen da aka riga aka sa musu a rai cewa Zarpie wasu irin mutane ne daban sune suka fi yawan yin maganar jam'in, kuma suka fi kushe su.

Ni da na karanta wannan jikina yayi sanyi, don kudin goro a bakinmu yake kamar gaisuwa. Su ai haka suke. Mutanen can basu da kaza. Mata ai ba a basu kaza. Kuma abin da zai baka mamaki, ko yabo ne illar tana nan, in kace "mutanen kasar nan akwai kokari" ka koya wa yaro cewa ana iya auna mutum da garkensa, gobe wani zai zuba masa zagi a cikin wannan mazubin da kai ka kera. Toh a wajen karatu ka rika kama harshenka. Maimakon "kaga su haka suke sa kaya", kace "kaga yarinyar nan irin kayan da ta sa". Maimakon "makafi suna da kaifin ji", kace "wannan mutumin ya gane ta da muryarta". In littafin da kansa ne yayi kudin goron, gyara shi da bakinka, yaron ai bai iya karatu ba tukuna, in kuma ya iya sai ka tsaya kace anya dukkansu? Kai duk 'yan ajinku halinku daya?

Wani abu kuma da aka gwada yayi aiki shine labarin abota. Tun 1954 wani masanin halayyar dan Adam, Gordon Allport, ya kawo ra'ayin cewa cudanya tsakanin mutane mabambanta, in ana ganin juna daidai wa daida kuma ana aiki daya tare, tana rage kyama. Amma ba kowane yaro ne yake da irin wannan cudanyar a kusa ba. Sai masu bincike a jami'ar Kent ta Ingila, Lindsey Cameron da Adam Rutland da abokan aikinsu, suka gwada a 2006, suka yi sati 6 suna karanta wa yaran firamare labaran da yaro irinsu yake abota da yaro dan gudun hijira, ana tattaunawa bayan karatun, kuma ra'ayin yaran game da 'yan gudun hijira ya gyaru idan aka kwatanta da wadanda ba a karanta musu ba. Sun yi irinsa a kan yara masu nakasa shima haka. Wato ganin "wani irina yana wasa da wani irinsu" ko a takarda ne yana bude zuciya. Ka lura da abu biyu a nan, sati shida ne ba dare daya ba, kuma da hira ba karatu zalla ba.

In yaro ya fadi magana mara dadi

Zai fada, ka shirya. Wata rana zai dora yatsa a hoto yace "bana son wannan, baki ne" ko "wannan kazama ce". Kar ka daka masa tsawa, kar kuma kayi dariya, duka biyun suna rufe kofa. Ka tambaye shi a hankali, me ya sa kace haka dana? Sau da yawa amsar zata baka mamaki, wani ya dauka duhun fata datti ne da bai fita da wanka ba, wani ya dauka in ya taba mai keken guragu shima kafarsa zata daina aiki, wani kuma maganar wani babba ce ya haddace bai ma san ma'anarta ba. Kowanne da maganinsa. Mai zancen datti ka gaya masa akwai wani abu a fatar kowa sunansa melanin, shi ke bada kala, wani nasa da yawa wani kadan, daga iyaye ake gado, kuma yana kare fata daga zafin rana. Ka jera hannunka da nasa ku gani ko kalarku daya ma. Zabiya kuma jikinsa baya yin melanin din sosai, haka aka haife shi, ba cuta bace da ake dauka, shi yasa rana take damun fatarsa da idonsa. Magana uku ta isa, yaro ba lakca yake so ba. Bayan bayanin sai ka ja layi a fili: a gidan nan bama kin mutum saboda fatarsa, kuma maganar nan in yaji zata yi masa ciwo.

Littattafan da suke bada labarin zalunci na gaske, irin an hana yara shiga makaranta ko an kori mutane daga gidajensu, ni ina barinsu sai wajen shekara 5 ko 6, kuma ina shiga ta kofar adalci, don ba wanda ya kai yaro sanin "ba a yi daidai ba", gwada raba musu abu wani ya fi wani ka gani. Ka tambaye shi wannan adalci ne? Kuma kar a rufe littafin a kan kuka, a nuna masa wanda ya tashi yace a'a, wanda ya matsa ya ba wani wajen zama, don ya san akwai abin da mutum zai iya yi. In kuma yaronka shine wanda ake tsokana a makaranta saboda kalarsa ko harshensa ko jikinsa, to shi madubi ya fi bukata da farko, labaran da mai kama da shi yake jarumi yana jin dadin rayuwarsa, kar a dora masa labarin wahala a kan wahala.

Nasan akwai iyayen da ke dari-dari da kalmar hakuri da juna, suna ganin kamar ana so ace wa yaro komai daidai ne, ya saki tarbiyyar gidansu. Ko sanarwar da kasashen UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Dinkin Duniya, suka amince da ita ranar 16 ga Nuwamba 1995, wadda ta sa ake tuna ranar duk shekara a matsayin ranar hakuri da juna ta duniya, ta fada a fili cewa hakuri da juna baya nufin mutum ya bar akidarsa ko ya sassauta ta, kuma baya nufin a kyale zalunci. Don haka in littafi ya nuna iyalin da suke ibada ko rayuwa ba irin taku ba, ba sai ka rude ba. "Mu ga yadda muke yi, su ga yadda suke yi, kuma ba a zaginsu ba a yi musu dariya." Yaro dan shekara hudu yana iya rike wannan tsaf.

In babu littafi a harshenku kar ya hana ka, hoton ne jarin, ka fassara da bakinka yadda kake so, akwai ma wadanda ba rubutu ko daya. In babu littafin gaba daya, ninke farar takarda hudu ka dinke tsakiya, ku zana tare, shi ya zabi kalar fatar mutanen, ka tabbatar dai kalolin da ka bashi ba ruwan kasa guda daya bane kawai. Tsofaffin littattafai masu zanen raini kuma ba dole a kona su ba, in yaro ya kai shekara 7 ko 8 zaka iya bude masa kace kalli yadda aka zana mutumin nan, kana ganin in shi ya gani zai ji dadi?

Sai dai fa barewa bata gudu danta yayi rarrafe. Ka gama karanta labarin abota da dare, da safe yaro yaji ka a waya kana cewa "ai ka san halinsu", wanne kake ganin zai dauka? Ni kaina 'yata ce ta kama ni. Muna da wani littafi da na zana mata da hannuna, zane duk a karkace, akwai yaro zabiya mai hula da yake gyara wa abokinsa keke, mun karanta shi ya fi sau ashirin bata ce komai a kan fatarsa ba, keken kawai ke gabanta. Ranar nan ina hira da wata kawata na saki baki nace su wane ai duk haka suke, sai naji daga bayan kujera ance "Umma, dukkansu? Kin kirga?"